A Duba Tsagar Gadon Tumatirinmu Kafin Ya Ɓace

Yau maganar tumatir ce, kuma za ta ɗan yi tsawo, sai a yi haƙuri da ni.

Duk shekara abu ɗaya muke maimaitawa. Daga Janairu zuwa Maris tumatir ya cika Kano, farashin kwando ya faɗi warwas, manomin Kadawa da Kura da Bunkure ya rasa mai saye. Wani ya yanka ya shanya a bakin titi ya yi kauɗa, wani ya bar shi ya ruɓe a gona don kuɗin mota ya fi kuɗin kayan. Ana shiga watan Mayu sai labari ya sha bamban. Ka je kasuwar Tarauni ko wajen masu tebur a Gyadi-Gyadi, a ɗora maka 'yan ƙwayoyi huɗu a faranti a faɗa maka kuɗin da sai ka sake tambaya. Matan gida su koma tumatirin leda da na gwangwani. Mu kuma mu hau Facebook mu zagi 'yan gwari, mu zagi gwamnati, mu zagi dala. Sanyi na shigowa, kaya ya sauko, shi ke nan mun manta sai baɗi.

Ni a ganina akwai tambayar da ta riga maganar farashi: wane tumatir ne ma muke shukawa?

Kar ka yi saurin ba ni amsa. Na san za ka lissafo min UTC, Roma, Ɗan Siriya, Tandino, Ɗan Eka, da ɗan ƙaramin nan mai tsami da yake fitowa da kansa a bayan gida da damina. To waɗannan sunaye ne na kasuwa da bakin manoma. Shin UTC ɗin da ake lodawa a Kwanar Gafan shi ne UTC ɗin Danja a Katsina? Shin Ɗan Siriyan Ɗambatta da na Sakkwato uwarsu ɗaya ubansu ɗaya? Mai yiwuwa iri ɗaya ne yake yawo da suna uku. Mai yiwuwa kuma iri uku ne suke ɓuya a ƙarƙashin suna ɗaya. Ido ba ya raba wannan gardama, domin tumatir yana canza kama da ƙasar da aka shuka shi, da ruwan da ya sha, da takin da ya samu. Iri ɗaya ka shuka shi a fadama ka shuka shi a tudu, sai ka rantse ba dangi ba ne.

A nan ne binciken da nake son mu yi magana a kai yake shigowa.

Da can, kafin a daina, Bahaushe yana kallon fuskar mutum ya gane daga inda ya fito. Tsagar Bagobiri daban, ta Babarbare daban. Ko ya canza riga, ko ya canza gari, ko ya canza suna, askar wanzami tana nan tana ba da shaida. To kowace shuka ma tana da irin wannan tsaga, sai dai a cikin DNA ɗinta take. DNA dogon rubutu ne da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C. Na tumatir ya kai haruffa kusan miliyan 900, an kasa shi kundi 12, kuma masana sun wallafa karatunsa tun shekarar 2012, suka ƙirga ƙwayoyin gado wajen 35,000 a ciki.

Mai bincike ba sai ya karanta wannan rubutu kaf ba. Akwai wuraren da aka riga aka sani cewa a nan iri yake bambanta da iri. A wani wurin za ka ga haruffa biyu suna ta maimaita kansu, AT AT AT, a wannan irin sau 10, a wancan sau 14. Irin wannan alama ita ake kira SSR. A wani wurin kuma harafi ɗaya tak ne ya bambanta, wannan yana da A, wancan yana da G, ita ce SNP. Waɗannan su ne tsagar gadon.

Yadda ake aikin kuwa ba wani tsafi ba ne. Ana tsinko ɗan ƙaramin ganye, a niƙa, a tace DNA ɗin, a saka a na'urar PCR, irin wadda muka ji sunanta har muka gaji a lokacin korona. Na'urar ta kwafi wuraren da ake so ta ninka su sau miliyoyi har su isa a gan su. Daga nan a jera na wannan iri kusa da na wancan a kwatanta, kwamfuta ta zana bishiyar dangantaka: waɗannan 'yan ɗaki ɗaya ne, wannan ɗan baffa ne, wancan kuwa bare ne. Gwajin DNA da ake yi idan an yi gardamar uban yaro, kusan hanya ɗaya suke bi.

Tun kafin wani ya taso min da maganar GMO, bari in share wannan. Na ga irin ƙurar da ta tashi a kan masarar TELA da aka fitar a 2024, kuma kowa yana da 'yancin ra'ayinsa a kanta. Amma wannan aiki daban ne. Ba a ƙara wa shuka komai, ba a cire mata komai. Karantawa kawai ake yi. Wanda ya duba rukunin jininka bai canza maka jini ba.

To me zai dame mu da sanin dangantakar tumatir alhali tukunya muke son ta yi ja?

Mu tuna 2016. Wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, 'yan jarida kuma suka laƙaba mata Ebolar tumatir, ta afka wa gonakin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina. Asalinta daga Kudancin Amurka take, an fara ganinta a Sifen a 2006, cikin shekara goma ta ratso har ta iso mana. Tana shiga tsakanin fatar ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya isa sosai, mace ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma ba ta jimawa take sabawa da maganin da ake fesa mata. A watan Mayun shekarar gwamnatin Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar Ɗangote da ke Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa sarrafa tan 1,200 a kullum, ta fara aiki a watan Maris, ba a je ko'ina ba ta tsaya saboda babu kayan da za ta niƙa. Tsutsar ta sake waiwayo mu da ƙarfi a 2023. Ba baƙuwa ba ce kuma, ta zama 'yar gida.

Abin da ya sa irin wannan annoba take share gonaki kamar wutar daji shi ne, tumatirin da duniya take nomawa danginsa ƙunci gare shi. Tumatir ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Kakanninsa na daji suna yankin tsaunukan Andis, wajen Peru da Ekwado, a Meziko aka mai da shi abin nomawa, Turawan Sifen suka kai shi Turai, daga baya ya zagayo mana. A kowane zango 'yan ƙwayoyi kaɗan ake ɗauka a bar sauran. Shi ya sa masana suka ƙiyasta cewa tumatirin gona bai riƙe ko kashi 5 cikin 100 na bambancin gadon da ke jikin danginsa na daji ba. Kamar gidan da aka shekara ɗaruruwa ana auren zumunci ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama kowa. Idan ya zama daga Tiga har Kadawa har Haɗeja iri biyu ko uku ne suka mamaye gonaki, kuma su ma ɗin 'yan ɗaki ɗaya ne, to mun tara dukiyarmu a rumbu ɗaya mun ajiye ashana a gindinsa.

Kuma mu Kanawa bai kamata a ba mu wannan labari ba, mun taɓa gani. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta lalata gyaɗa a fili kimanin hekta 700,000 a Arewa. Ta zo ne a kan gaɓar fari na farkon shekarun 1970 da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, suka haɗu suka kwantar da dalar gyaɗa. Abin lura a nan shi ne inda maganin ya fito. Juriyar wannan cuta an samo ta ne a jikin wasu irin gyaɗa na gargajiya da manoma suke ajiyewa a iyakar Burkina Faso da Kodebuwa, tun a shekarun 1950. Daga jininsu aka yi ta haɗa aure har aka samu irin da ke jure kuturta. Da waɗancan manoma sun watsar da irin kakanninsu, da ba a samu abin ɗauka ba. Abin da aka raina shi ya yi rana.

Haka abin yake a tumatir. Harafin V da F da kuke gani a jikin gwangwanin Roma VF, shaida ce ta cewa irin yana jure wasu cututtuka biyu na ƙasa masu sa shuka ta yi yaushi ta mutu. Juriyar tsutsar nan mai sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, daga wani tumatirin daji na Peru aka ɗauko ta tun shekarun 1940. Juriyar cutar nannaɗewar ganye, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, ita ma daga dangin daji ta fito. Har ita sharon ɗin, akwai dangin daji masu gashi-gashi a ganye da ke fitar da wani sinadari da ba ta so. Duk wanda zai ɗauko irin wannan hali ya kai shi jikin tumatirin ci, tsagar gado ce take yi masa jagora. Maimakon ya shuka dubu ya jira wata uku ya ga wanda ya gaji halin, tun suna 'yan makonni a wajen reno zai gwada ganye ya ware. Aikin da zai ci shekaru da yawa sai ya ragu.

To mu namu na gida me yake da shi? A nan nake son mu yi wa kanmu adalci. Roma da UC82B daga Amurka aka samar da su, don yanayinsu da masana'antunsu. Mu kuwa babbar matsalarmu biyu ce: zafi da damina. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen tumatir zubewa yake yi ba tare da ya ɗaura ɗa ba, ga shi a Kano watan Afrilu yana taɓa 40. Da damina kuma laima da cututtukan ganye su ce salamu alaikum. Wannan shi ne tushen tsadar Mayu zuwa Yuli, ba sharrin mai tebur ba. Amma kuma akwai tumatirin da ya shekara aru-aru a hannun manoma da matan karkara, yana shan wannan zafin da wannan ruwan, ana ɗibar iri daga wanda ya tsira a sake shukawa. Ƙanana ne, ruwa ya yi musu yawa, ba sa jure tafiyar Legas, 'yan Mile 12 ba za su kalle su ba. Sai dai sun ci jarrabawar da baƙin iri suke faɗuwa. A wajen mai haɗa iri, wannan hali ya fi girman ƙwaya daraja.

Kuma suna ɓacewa a gaban idonmu, ba tare da hayaniya ba. Babu wanda ya yi laifi. Manomi ɗan kasuwa ne, abin da dillali zai saya shi zai shuka. Irin haɗi na kamfani, wanda ake rubuta wa F1, yana ba da amfani mai yawa, yana da tauri, yana isa Kudu lafiya. Ni ban ce a daina shuka shi ba, wanda ya ce haka bai taɓa biyan kuɗin taki ba. Amma shi wannan iri ba a ajiye 'ya'yansa, idan ka shuka su sai su fito kowa da kamarsa. Dole duk shekara ka koma kanti, kuma yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Duk ƙauyen da ya koma kansa gaba ɗaya, shekara kaɗan tsohon irin ya bar hannun mutane. Tsohuwar da take ƙulle shi a tsumma ta rataye a ɗaki ta rasu, jikoki su share ɗakin. Iri kuwa idan ya tafi ya tafi, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Akwai kuma maganar algus. Wani ɗan'uwana da ke noman rani ya taɓa sayen iri mai tsada a gwangwani mai kyan hoto, ya yi reno, ya yi dashe, ya zuba taki. Da ya fara 'ya'ya sai ga gona ta zama taron dangi, wani dogo, wani kewayayye, wani kamar gauta. Wa zai kama? Da me zai kafa hujja? Da akwai rijistar tsagar gadon kowane iri, ganye ɗaya ya isa a gane ko abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki, tun kafin mutum ya yi asarar shekararsa. Ga shi tun 2021 Najeriya ta yi dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri. Doka ce mai amfani, amma tana nufin wanda ya rubuta ya yi rijista shi ke da hujja. Idan ba a rubuta namu da sunan garuruwanmu ba, wata rana za a ɗauki irin Bunkure a gyara shi a sa masa suna da Turanci a dawo mana da shi mu saya.

Na san wani zai ce, Malam, mutane suna fama da na cefane kai kana maganar DNA. Gaskiya ne, kuma ban ce wannan bincike zai sauke farashi a wannan daminar ba. Ba zai gyara hanya ba, ba zai kawo ɗakin sanyi ba, ba zai hana kwandon kaba matse na ƙasa ba, alhali ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirinmu yana lalacewa kafin ya isa tukunya. Waɗannan duk sai an yi su. Amma dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Audu Bako, shi ma ba a ranar aka ci tumatirinsa ba. Mu ne muke ci yau. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wani kuma zai ce, idan aka gama binciken aka tarar duk namu ɗin jikokin Roma ne da suka canza suna fa? To ai mun ƙaru. Mun san rumbunmu ba shi da abin da muke zato, sai mu nemo jini daga bankunan iri na duniya da idonmu a buɗe. Likitan da ya ce maka ga ciwonka ya fi wanda ya ce je ka lafiyarka ƙalau bai duba ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba kayan aiki muka rasa ba. A nan Tarauni, kan titin Sabo Bakin Zuwo, ofisoshin IITA da ICRISAT suke, inda aka daɗe ana aikin inganta wake da dawa da gero da gyaɗa. Da yawanmu muna wucewa ta ƙofar a adaidaita ba mu san me ake yi a ciki ba. Ga Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa a Jami'ar Bayero. Ga jami'ar Wudil. Ga reshen NIHORT a Bagauda, cibiyar da aikinta ke nan binciken kayan lambu. Ga IAR a Samaru. Ga bankin iri na ƙasa, NACGRAB, a Ibadan. Ɗalibai ma suna yin irin wannan bincike jefi-jefi, wannan ya gwada iri goma, wancan ya gwada ashirin, a ba shi digirinsa, kundin ya hau kanta ƙura ta rufe shi. Ka tambayi manomi a Garun Malam ko ya taɓa jin sakamakon. Abin da ya rage shi ne mai haɗa kan aikin da mai biyan kuɗinsa.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma bai fi ƙarfin jiha ɗaya ba.

Na farko, a bi ƙananan hukumomi 44 da malaman gona na KNARDA a tattaro duk wani tumatir da manomi yake ajiye irinsa da kansa, a rubuta sunan da ake kiransa, da garin, da abin da masu shi suka ce ya iya.

Na biyu, a duba tsagar gadonsu gaba ɗaya da ma'auni ɗaya, tare da irin kamfanin da ake sayarwa a kantuna, don a ga wa ya haifi wa. Tunda tumatirin gona sun yi kama da juna ƙwarai, alamomi biyar ko goma ba za su wadatar ba, sai an yi amfani da masu yawa.

Na uku, a kai su gona. DNA yana faɗa maka dangantaka, amma gona ce take faɗa maka hali. A shuka su da sanyi, a shuka da bazara, a shuka da damina, manoma su zo su gani da idonsu, matan da za su dafa su ɗanɗana su faɗi wanda ya fi kauri a miya.

Na huɗu, a ajiye irin a wuri biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Ibadan, da sunan garin da ya fito. Duk wanda ya samar da sabon iri daga jikinsa, a san cewa garin yana da haƙƙi.

Na biyar, a faɗi sakamakon da Hausa, a rediyo, a kasuwar 'Yan Kaba da Kwanar Gafan. Binciken da mai gona bai ji ba, an yi wa kanta ne.

'Yan majalisarmu na Tarauni, na jiha da na tarayya, ga aikin mazaɓa da za a daɗe ana tunawa. Mu ba manoma ba ne a nan, amma mu ne masu saye, kuma mu tsadar take fara duka. Masu kuɗinmu da ke son gina masana'antar tumatir su ma su tuna cewa inji ba ya niƙa alkawari, sai an samu irin da zai ba da kaya wata goma sha biyu.

Mu kuma akwai namu. Idan ka je gida ka tarar da wani tsohon iri a hannun iyaye, karɓo nunannu, ka matse 'ya'yan a kofi, ka bar su kwana biyu zuwa uku su yi tsami, ka wanke, ka shanya a inuwa, ka zuba a kwalba mai murfi ka rubuta sunansa da garin da shekarar. A wuri mai sanyi marar laima zai yi shekaru bai mutu ba. Ranar da masu bincike suka fito nema, a samu abin miƙa musu.

Wanda duk ya san wani tumatir na gargajiya a garinsu, ya faɗa mana sunansa da kamanninsa da lokacin da ake shuka shi. 'Yan Katsina da Sakkwato da Zariya da Maraɗi, har da ku. Mu fara lissafin daga nan.

Allah Ya ba manomanmu damina mai albarka, Ya sauƙaƙa wa magidanta.